Kwaroron Roba: Wa Shirunmu Yake Cutarwa?

Akwai wani kemis a bakin layinmu da nakan zauna a cikinsa bayan sallar isha'i, mu taɓa hira da mai shagon kafin ya rufe. Wani dare cikin hunturun da ya wuce, ina zaune a kan benci bayan kanta, sai ga wani magidanci ya shigo. Zai yi shekara arba'in da 'yan kai, yana sanye da wankakkiyar shadda da hula, irin mutumin da in ka gan shi a sahun gaba ba za ka yi mamaki ba. Ya tsaya yana latsa wayarsa har sai da yarinyar da aka aiko sayen maganin mura ta karɓi canjinta ta fita. Sannan ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, a taimaka mini da maganin sanyi mai ƙarfi. Kwana uku ke nan fitsari yana yi mini zafi." Mai kemis ya ce masa irin wannan sai an je asibiti an yi gwaji, kuma ya tambaye shi cikin ladabi, "Alhaji, iyali fa? Ya kamata su ma a duba su." Ya ce, "Su biyun duk lafiyarsu lau, babu wadda ta yi ƙorafi." Ya juya ya fita, da alama wani shagon ya nufa.

Da ya tafi, mai kemis ya jawo wani ƙaramin kwali daga ƙarƙashin kanta ya nuna mini. Kwaroron roba ne. Ya ce, "Ka ga wannan? A ƙasa nake ɓoye shi, don in na ɗora shi a sama dattawan unguwa za su ce ina koya wa yara iskanci. Sai ya yi wata biyu ban sayar da rabinsa ba. Amma maganin sanyi, babu ranar da ba a tambaya." Na koma gida a daren nan ina tunanin matan mutumin su biyu, waɗanda suke barci a ɗakunansu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Bari in fara da inda na tsaya, don kada a yi mini mummunar fahimta. Zina haramun ce, a Musulunci da Kiristanci baki ɗaya, kuma babu wata kariya da ta kai kame kai kafin aure da riƙe amana bayan aure. Wanda ya tsaya a nan ya tsira, duniya da lahira. Abin da nake cewa shi ne, wa'azin da muke yi bai hana a ci gaba da tambayar maganin sanyi a kemis ba, kuma waɗanda suka fi shan wahalar wannan cuta su ne waɗanda ba su aikata komai ba: matar da ke cikin ɗakinta da jaririn da ke cikinta. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan fage kuwa, mai ɗebowa daban, waɗanda bakinsu ke ƙonewa daban.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana mutum fiye da miliyan 1 ne ke kamuwa da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa waɗanda ake iya warkarwa. A shekarar 2020 kaɗai, ta lissafa sababbin kamu miliyan 374 na huɗu daga cikinsu, ciki har da ciwon sanyi da tunjere da wata mai suna kilamidiya. Ba baƙin cututtuka ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san sanyi da tunjere har ya ba su suna. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne bambancin yadda suke kama namiji da yadda suke kama mace. Namiji kan ga alama cikin 'yan kwanaki: zafin fitsari ko fitar mugunya, sai ya ruga neman magani. Mace kuwa tana iya ɗauke da ciwon sanyi ko kilamidiya wata da watanni ba ta ji komai ba. Don haka maganar mutumin nan cewa babu wadda ta yi ƙorafi ba ta nuna lafiyarsu lau.

A cikin wannan shirun ne ƙwayar cutar ke haurawa daga bakin mahaifa zuwa hanyoyin da ƙwai ke bi, ta kumbura su, ta bar musu tabo, wani lokaci ta toshe su gaba ɗaya. Daga nan sai ciwon mara da ba ya jin magani, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa har ya fashe ya yi barazana ga rai, ko kuma haihuwa ta tsaya cak. To, wa ake zargi idan haihuwa ta tsaya? Ita ake kai wa wurin masu magani, ita ake yi wa habaici a gidan biki, ita ake yi wa kishiya, kuma kishiyar ma ta zo ta tarar da abin da ya sami ta farko. Tunjere kuwa, idan mai ciki na ɗauke da shi ba a gano ba, yana jawo ɓari, ko a haifi ɗa ba rai, ko a haife shi da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai kusan 700,000 da cutar ta shafa a 2022, alhali gwajin jini mai sauƙi a wurin awon ciki da allurar fenisilin sun isa su hana hakan. Ciwon sanyi ma yana shiga idon jariri a lokacin haihuwa, in ba a yi hanzari ba ya makantar da shi.

Mun kuma samo wa kanmu wata mafaka ta baki. Duk macen da ta ga ƙaiƙayi ko fitar ruwa sai a ce "sanyi ne, a masai ta ɗauka." Gaskiya ne ba kowane ƙaiƙayi ne ake ɗauka ta saduwa ba, wasu daga sauyin jikin mace ne kawai. Amma ciwon sanyi na gaske da tunjere ba a tsugunno ake ɗaukarsu ba. Wannan magana ta masai ta zama rufin asirin maza da yawa, ta kuma sa mace ta yi ta shan magani ita kaɗai, ta warke, ta koma ɗakin miji ta sake kamuwa. Ga masu mota da lasifika a bakin kasuwa suna tallar jarka ɗaya da wai take maganin sanyin maza da na mata da basir da shawara. Ga masu sayen kafso biyu ko uku a hannun ɗan tebur, su sha yau, in zafi ya lafa gobe su bari. Wannan shan magani rabi da rabi shi ne ya koya wa ƙwayar ciwon sanyi taurin kai. Fenisilin da tetirasaikilin da sifiro, waɗanda a da suke kashe ta, yanzu sun daina aiki a kanta a wurare da dama na duniya. Allura guda ce ta rage da likitoci suka fi dogara da ita, ita ma an fara samun inda ta gaza.

Sai cuta mai karya garkuwar jiki, wato ƙanjamau. A 1986 aka fara ba da rahoton samunta a Najeriya. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasar baki ɗaya. Shiyyar Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6. Wannan abin godiya ne ga Allah, kuma addini da tarbiyya suna da kaso babba a ciki. Sai dai kashi 0.6 a yankin da ya fi kowane yawan jama'a ba mutane kaɗan ba ne. Binciken ya kuma nuna cewa mata sun ninka maza: kashi 1.9 a mata, 0.9 a maza. Ya nuna har wa yau cewa kashi 8.1 na manyan ƙasar nan suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa, kuma shi ma saduwa na cikin hanyoyinsa. Wajibi ne a faɗa a nan cewa waɗannan cututtuka biyu ana ɗaukarsu ta jini, ta askar da ba a tafasa ba, ta allurar da aka yi wa wani, ko daga uwa zuwa ɗa. Yawancin masu ciwon hanta a ƙasashenmu tun suna yara suka kamu. Wanda aka samu da cuta ba shaida ba ce cewa mazinaci ne, kuma tun 2014 doka ta haramta tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau a Najeriya.

Tsarin zamanmu yana da albarkarsa, yana kuma da inda ya kamata mu sa ido. Namiji ɗaya yana iya zama da mata huɗu. Aure na mutuwa, bazawara ta yi idda ta auri wani mai mata biyu, shi kuma tsohon mijin ya auro wata. Ga 'yan ci-rani da direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa da masu haƙar zinare, waɗanda sukan yi watanni ba su kwana a gida ba. Duk wannan aure halal ne, duk wannan neman abinci ne. Amma idan cuta ta shiga ta ƙofa ɗaya, sai ta bi igiyar aure ta ratsa gida uku ko huɗu ba tare da ko ɗaya daga cikin matan ta taɓa saɓa wa Allah ba. Idda tana tabbatar da cewa babu ciki, amma ba ta wanke jini.

Wannan ne ya sa na yaba da dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a watan Mayu na 2024, wadda ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da nau'in jini kafin a ɗaura aure. Tun kafin dokar ma, Hukumar Hisbah ta sa gwaji ya zama sharaɗi a auren zawarawa da aka fara a 2012. A da, in dangin amarya suka ce a yi gwaji, sai a ce sun ci mutuncin ango. Yau liman da kansa yake tambayar takarda, kuma babu wanda ya ce addini ya rushe. Wannan ya nuna jama'armu na karɓar gaskiya idan ta fito daga bakin da suka yarda da shi.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba. Takardar gwaji labarin rana ɗaya take bayarwa, aure kuwa na shekaru ne. Bayan haka, wanda ya kamu da ƙanjamau kwanan nan, gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jini zai iya kasa nunawa har zuwa wata uku. Sannan akwai tambayar da dokar ba ta isa ta amsa ba: idan an yi shekara goma da aure, da 'ya'ya biyar, aka gano ɗaya na ɗauke da cuta ɗaya ba ya ɗauke da ita, yaya za a yi? A raba su? A nan ne kwaroron roba yake shigowa ɗakin aure, a matsayin kayan asibiti kamar safar hannun likita.

Ma'aurata na buƙatarsa a wurare da dama. Idan an gano ɗayansu da ƙanjamau, shi ne kariya har zuwa lokacin da magani zai danne ƙwayar cutar a jini. Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa mai shan maganinsa kullum, wanda gwaji ya nuna ƙwayar ta yi ƙasa har ba a iya ganinta, ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar saduwa. Idan ɗaya na da ciwon hanta, shi ne kariya har ɗayan ya kammala alluran rigakafi guda uku. Idan ana maganin ciwon sanyi ko tunjere, abin da likita zai ce shi ne a haƙura da juna har kowa a gidan ya gama magani, miji da dukkan matansa, kuma inda aka kasa haƙuri, roba ta fi babu. Ga matan da ke tazarar haihuwa kuma, ya kamata su sani cewa allura da ƙwaya da ashanar hannu da robar mahaifa ciki kawai suke hanawa, ba sa tare cuta ko ɗaya. Cikin duk hanyoyin tazara, kwaroron roba ne kaɗai, na maza ko na mata, yake yin aiki biyun tare.

Ta fuskar addini, ni ba malami ba ne, amma abin da muka koya a zaure shi ne sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun halatta shi da yardar matar. A kan wannan ne malaman zamani da dama suka yi ƙiyasin halaccin roba tsakanin miji da mata. Kare rai da kare zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, kuma kawar da cutarwa ƙa'ida ce da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani.

Na san inda gardamar take. Za a ce in aka yi maganar roba a fili, an buɗe wa matasa ƙofa. Masu wannan fargaba mutanen kirki ne, kuma tarbiyyar 'ya'yansu suke karewa. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutumin da na gani a kemis, rashin roba ya hana shi zuwa inda ya je? Bai hana shi ba. Abin da rashinta ya yi shi ne ya mayar da zunubi ɗaya ya zama biyu. Na farko tsakaninsa da Ubangijinsa, ƙofar tuba a buɗe take. Na biyu haƙƙin baiwar Allah ne da ta amince masa, wadda mai yiwuwa ta rasa haihuwa ko lafiyarta har abada, kuma haƙƙin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Faɗa wa mutum cewa kada ya kai cuta gida bai zama ba shi izinin saɓo ba.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga mu tsallake wannan gardama. A Senegal, inda Musulmi suka haura kashi 90 cikin 100, manyan malamai sun yi taro kan ƙanjamau a 1995. Suka ci gaba da wa'azin kame kai da riƙon amana, suka hana ƙyamar masu cutar, suka kuma yarda da amfani da roba a cikin aure idan ɗaya na ɗauke da ita. Ma'aikatan lafiya suka ɗauki sauran bayanin. Har yau yawan masu cutar a ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma Senegal ba ta daina zama ƙasar malamai da zawiyoyi ba. A maƙwabciyarmu Nijar, ƙungiyar Animas-Sutura ta raɗa wa robar da take sayarwa suna Foula, wato hula, don mutum ya iya furta sunan a gaban mai shago ba tare da ya ji nauyin baki ba. Mu a nan, duk da shekarun da kwaroron Gold Circle ya yi a kasuwa, har yanzu a ƙarƙashin kanta yake kwana.

Sannan wanda zai yi amfani da shi ya kamata ya san yadda ake yi, don a nan ake samun matsala. Idan ma'aurata 100 suka yi amfani da shi daidai a kowane lokaci har shekara guda, mata 2 ne kawai ke samun ciki. Amma a yadda mutane suka saba yi, da mantuwa da kuskure, adadin yana kaiwa 13. Ga ƙanjamau, amfani da shi a kowane lokaci yana rage haɗarin kamuwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Zafi yana lalata roba, don haka wanda ya kwana biyu a aljihun wando ko a akwatin mota cikin zafin bazara ba abin dogaro ba ne. A duba ranar lalacewarsa da lambar NAFDAC. Kada a yage ledar da haƙori ko reza. A sa shi tun kafin a fara, a matse kan don iska ta fita, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Kada a haɗa biyu, gogayya na sa su yage. Babban kuskure shi ne shafa masa basilin ko man gyaɗa ko man kaɗe ko man shafawa, domin mai yana cinye roba cikin 'yan mintoci. Akwai ruwan santsi na musamman da ake sayarwa don haka. Idan ya fashe kuma ana fargabar ƙanjamau, akwai maganin kariya da ake bayarwa a asibiti, amma sai an fara shi kafin awa 72 su cika.

Ba zan ce roba tana tare komai ba. Cututtukan da ake ɗauka ta haɗuwar fata, irin su tunjere da ƙurajen gaba da ƙwayar HPV, tana rage su ne kawai, tunda ba ko'ina take rufewa ba. HPV ita ce ke jawo kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, wadda ke cikin sankarorin da suka fi kashe matan Najeriya. Tun watan Oktoba na 2023 gwamnati ta sa rigakafinta cikin alluran yau da kullum, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Uban da ya hana a yi wa 'yarsa wannan allura saboda jita-jitar WhatsApp, ya sani cewa bai san wane miji Allah zai ba ta ba.

Akwai kuma wani sabon dalili na gaggawa. Shekara da shekaru, kaso mai yawa na maganin ƙanjamau da kayan gwaji da robar da ake rabawa kyauta a asibitocinmu da kuɗin tallafin waje ake sayensu, musamman na shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafi mai yawa, ta kuma rushe hukumar USAID. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci wata rana zai kwana da yunwa. Dole jihohinmu su sa wannan a kasafin kuɗinsu, domin kuɗin kwalin roba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin maganin da mutum zai sha har ƙarshen ransa ba.

Kirana na farko ga malamanmu ne. Kun yi magana a kan gwajin kafin aure, jama'a suka bi. Ku ƙara da bayanin haƙƙin mace a kan lafiyar jikinta, ku faɗa wa maza a kan mumbari cewa ɓoye wa iyali cuta cin amana ne, kuma macen da ta nemi mijinta ya je gwaji ko ya sa roba har a gama magani ba ta yi rashin kunya ba. A yau mace ba ta isa ta furta wannan ba sai a ce mata, "Zargina kike yi, ko ke ce kike da abin ɓoyewa?" Kalma ɗaya daga bakin malami za ta cire mata wannan takunkumi. Ma'aikatan lafiya kuma su riƙe sirrin mutane, su daina kallon banza ga mai tambaya, kuma duk wanda suka yi wa maganin sanyi su nemi ya kawo iyalinsa. Masu kemis su daina sayar da kafso biyu don a kashe zafi, su tura mutum asibiti.

Kai kuma ɗan'uwana magidanci, ka ji tsoron Allah ka tsaya a kan halal ɗinka. Idan kuwa ka san ƙafarka ta taɓa zamewa, ka tuba, ka je a gwada ka kafin ka koma shimfiɗar iyalinka, in an ba ka magani ka kai su su ma a duba su. Kunyar minti biyar a gaban likita ta fi sauƙi a kan ka tsaya gaban Allah da haƙƙin matar da ta bar gidan ubanta lafiya lau ta zo gidanka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.